MUDUN AUNA DAMUWA: TARIHIN TAKARDAR TAMBAYOYI, DA ABIN DA YA SHAFI BOƊINGA DA SHAGARI

 

Duk wanda ya saba auno hatsi ya san mudu ba ɗaya ba ne. Akwai na wannan kasuwa, akwai na waccan, akwai kuma wanda aka bubbuge wa gindi. Shi ya sa mai hankali yakan duba mudu kafin ya yi cinikin gero. A 'yan shekarun nan maganar ciwon damuwa ta shiga ko'ina, a rediyo da Facebook da taron ƙara wa juna sani. Sai ka ji an ce mutum ɗaya cikin huɗu yana fama da matsalar ƙwaƙwalwa, ko a ce kashi kaza cikin ɗari na matan wani yanki suna cikin matsananciyar damuwa. Mukan karɓi irin waɗannan alƙaluma mu yi ta turawa, ba tare da mun tambayi da wane mudu aka auno su ba.

Mafi yawansu da takarda ake samo su. Jerin tambayoyi ne, goma ko sha biyu ko ashirin, a karanta wa mutum ya amsa, a haɗa maki, idan ya haye wata iyaka a rubuta shi cikin masu damuwa. Wannan takarda tana da tarihi na fiye da shekara ɗari. Yau shi za mu bi, daga barikin sojan Amurka zuwa Abeokuta da Habasha, mu dawo gida Boɗinga da Shagari mu ga ko mudun zai auna mu daidai.

KAFIN ZUWAN TAKARDA

Ƙasar nan ba ta jira Bature ya sanar da ita cewa zuciya tana ciwo ba. Daga wajajen 1810 zuwa 1815 Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga, kusa da shi. A waɗannan shekaru wannan yanki namu shi ne cibiyar karatu da rubutu ta daular baki ɗaya. Malaman gidan sun yi rubutu a kan lafiya. Malam Abdullahi yana da littafi mai suna Masalihul Insan, a kan abin da ke gyara mutum a addininsa da jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai da dama a kan magani. Nana Asma'u kuma a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattaro falalar surorin Alƙur'ani, har da waɗanda ake karantawa don yayewar baƙin ciki da tsoro.

Akwai wani abu a tarihin Malam Abdullahi da ya kamata mu riƙe tun yanzu. A wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ya bar rundunar da ta nufi Alƙalawa ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka, saboda ransa ya ɓaci da yadda ya ga son duniya yana shiga cikin jama'a. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam, daga baya ya dawo. Wannan ƙuncin zuciya ne na mutum mai cikakken hankali wanda ya ga abin da bai dace ba. Magabatanmu sun san bambancin irin wannan da ciwo. Shi ya sa harshenmu ya rarrabe: akwai ɓacin rai, akwai takaici, akwai alhini, akwai zullumi, akwai fargaba, akwai karayar zuciya, akwai kuma taɓin hankali. Kowanne da matsayinsa, kowanne da wanda ake kai wa kukansa.

TAKARDA TA FITO DAGA BARIKI

Takardar tambayoyi ta farko ta irin wannan 'yar yaƙi ce. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, hafsoshi sun ga yadda sojoji suke dawowa daga fagen daga jiki lafiya amma suna karkarwa, ba barci, wasu ko magana ba sa iya yi. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawan da za su zauna da kowane kurtu. Sai wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Woodworth, ya tsara tambayoyi 116 da ake amsawa da "e" ko "a'a", don a ware waɗanda ya kamata likita ya gani. Yaƙin ya ƙare kafin a yi amfani da ita sosai, amma dabarar ta zauna.

A Yaƙin Duniya na Biyu aka faɗaɗa tantancewar. Amurka ta ƙi ɗaukar sama da mutum miliyan ɗaya aikin soja bisa zargin raunin ƙwaƙwalwa, galibi bayan hira ta 'yan mintoci da likita, a 1944 kuma aka ƙara da gajeriyar takardar tambayoyi. Duk da haka sojoji masu ɗimbin yawa suka kamu da ciwon firgita a fagen fama. Da aka bi sawun wasu da aka fara ƙi sannan aka ɗauke su daga baya, sai aka ga mafi yawansu sun yi aikinsu lafiya lau. Darasin farko kenan: tantancewar gaggawa tana iya jefar da mai lafiya, ta kuma bar marar lafiya ya wuce.

LOKACIN DA AKA CE BAƘAR FATA BA YA DAMUWA

A wannan ɓangare namu na duniya kuwa, kuskuren ya zo ta wata fuskar. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Abin da mulkinsu ya tanada wa masu ciwon ƙwaƙwalwa shi ne tsarewa: gidan mahaukata na Kalaba a 1904, na Yaba a Legas a 1907, da dokar mahaukata ta 1916 wadda aka sabunta a 1958. Wanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje shi ne mai duka da fashe-fashe, wanda ya dami jama'a. Matar da ta daina cin abinci tana kuka a ƙuryar ɗaki ba mai kai ta.

Likitocin mulkin mallaka suka dubi waɗanda ke tsare, ba su ga masu ciwon damuwa da yawa ba, sai suka yanke hukunci a kan nahiya guda. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likita da ya yi aiki a Kenya, J. C. Carothers, wanda ya tafi a kan cewa ciwon damuwa abu ne da ba kasafai ake samunsa a wurin mutanen Afirka ba. Ba a daɗe ba aka ƙaryata shi. Margaret Field ta zauna a wuraren tsafi na ƙauyukan Ashanti a Ghana tana sauraron masu kawo kuka, a littafinta na 1960 ta nuna ciwon damuwa ya yi yawa, musamman a tsakanin mata. Ciwon yana nan, an dai neme shi a inda ba ya zuwa.

Wanda ya fi kowa sauya wannan tunani a Najeriya shi ne Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan ƙasa, wanda a 1954 ya fara tsarin ajiye marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu. A 1961 shi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell suka shiga ƙauyukan Yarabawa da tambayoyin da aka yi amfani da irinsu a Kanada, sakamakon ya fito a 1963. Sun sami alamomin damuwa da yawa. Amma sun ci karo da wani abu: alamomin suna nan a warwatse, kalma guda da za ta ɗauke su gaba ɗaya kamar yadda Turanci ya yi ta yi wuyar samu. Sai da suka zauna da masu maganin gargajiya suka ji yadda su suke kasa ciwon. Tun daga nan aka gane fassara kaɗai ba ta isa ba.

TAKARDU BIYU DA SUKA ZAGA DUNIYA

A 1970 David Goldberg da Barry Blackwell suka yi gwaji a wani ƙaramin asibiti a Landan. Suka gano kusan ɗaya cikin uku na masu matsalar ƙwaƙwalwa suna wucewa likita bai gane ba, domin da ciwon jiki suke zuwa. A 1972 Goldberg ya fitar da takardarsa da aka sani da GHQ, mai tambayoyi 60, daga baya aka taƙaita ta zuwa 30 da 28 da 12.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta so irin wannan don ƙasashe matalauta, inda ma'aikacin lafiya na ƙauye shi ne likita shi ne komai. Aka tsara SRQ mai tambayoyi 20, ana amsawa da "e" ko "a'a" game da kwana 30 da suka wuce. A rahoton 1980 na Harding da abokan aikinsa, an tantance mutum 1,624 a ƙananan asibitocin Kolombiya da Indiya da Sudan da Filifin. Kashi 13.9 cikin ɗari suna da matsalar ƙwaƙwalwa, kuma ɗaya cikin uku kawai ma'aikatan lafiya suka gane da kansu. Wannan amfani ne babba, kada mu raina shi. Daga baya wasu takardun suka biyo: EPDS ta masu jego a 1987, da PHQ-9 a 2001.

MENE NE INGANCIN TAKARDA?

Waɗanda suka tsara waɗannan takardu ba su taɓa cewa su ne likita ba. Rariya ce, aikinta ta rage yawan waɗanda za a duba. Hanyar gane ingancinta kuwa ita ce a gwada ta da abin da ya fi ta. A ɗauki mutane a yi musu tambayoyin, sannan ƙwararren likita, wanda bai ga makinsu ba, ya zauna da kowanne ya yi cikakkiyar hira. Sai a kwatanta. Cikin masu ciwo na haƙiƙa, nawa takarda ta kama? Cikin masu lafiya, nawa ta bari suka wuce? Daga nan ake tsayar da iyakar maki.

Ga misali na lissafi kawai, don a gane. A ce gari yana da mutum 1,000, masu ciwon damuwa na gaske 100 ne. A ce takarda tana kama 80 cikin kowane masu ciwo 100, tana kuma yin kuskure a kan 20 cikin kowane masu lafiya 100. Za ta kama 80 na gaske, ta bar 20. Cikin masu lafiya 900 kuma za ta ɗora wa 180 alama. Jimillar waɗanda suka haye iyaka 260 kenan, alhali 80 ne kawai masu ciwon. Wanda ya ɗauki wannan ya tafi rediyo zai ce kashi 26 cikin ɗari na garin suna da ciwon damuwa, gaskiyar kuwa kashi 10 ce. Kuma wannan takarda ce da za a kira mai kyau. To ina ga wadda ba a taɓa gwadawa a wurin ba?

Ita ma iyakar makin ba ɗaya ba ce a ko'ina. A farkon shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada GHQ a cibiyoyi 15 na ƙasashe daban-daban, har da Ibadan. Takardar ta yi aiki, amma iyakar da ta fi dacewa ta bambanta daga birni zuwa birni, har Goldberg da abokansa suka rubuta maƙala ta musamman a 1998 a kan dalilin haka.

ABIN DA AKA GANI A HABASHA, SIN, INUGU DA ZIMBABWE

A shekarun 1980 wani likita ɗan Holan, Frank Kortmann, ya yi wani abu mai sauƙi a Adis Ababa. Duk wanda ya amsa "e" a takardar SRQ ta harshen Amhara, sai a tambaye shi me yake nufi. Amsoshi da dama suka rushe. Wasu ba su fahimci tambayar yadda aka nufa ba, wasu kuma suna cewa "e" ne don suna neman takardar hutu ko wata alfarma daga asibiti. Wannan ya nuna maki ba daga ciwo kaɗai yake fitowa ba, har da abin da mai amsawa yake tsammanin samu ko yake tsoron rasawa.

A ƙasar Sin, Arthur Kleinman ya duba mutum 100 a Hunan a 1980 waɗanda likitocin can suka ce suna da raunin jijiya. Ya ga 87 daga cikinsu sun cika sharuɗɗan ciwon damuwa na littafin Amurka, amma su da ciwon kai da jiri da kasala suke bayyana shi. Shi ne ya yi gargaɗin kada a ɗauki rabe-raben ciwo na wata al'umma a ɗora wa wata ba tare da an tabbatar yana da ma'ana a wurinta ba.

Wasu kuwa suka juya aikin, suka fara daga bakin mutane. A Inugu, Peter Ebigbo a 1982 ya tattara koke-koken da marasa lafiya suke kawowa da kansu, irin su zafi a cikin kai da jin kamar wani abu yana tafiya a jiki, ya gina ma'auni da su. A Harare, Vikram Patel da abokan aikinsa sun saurari marasa lafiya da ma'aikatan jinya da masu maganin gargajiya, a 1997 suka fitar da takardar harshen Shona mai tambayoyi 14. A ciki akwai kalmarsu ta kufungisisa, wato yawan tunani. Da wannan takarda shirin nan na Dixon Chibanda, inda tsofaffin mata suke zama a kan benci suna sauraron masu damuwa, ya auna nasararsa a gwajin da aka buga a 2016. Duk Bahaushen da ya ji "yawan tunani" ya san inda aka dosa, domin mu ma haka muke cewa: tunani ya yi mata yawa.

A NAJERIYA, INA AKA GWADA?

An yi aikin gwaji a ƙasar nan, kuma masu yinsa sun cancanci yabo. Oye Gureje da Obikoya sun gwada GHQ mai tambayoyi 12 a Ibadan a 1990. Abiodun ya yi irin wannan aiki a Ilori a farkon shekarun 1990. Uwakwe ya gwada takardar masu jego a Nnewi a 2003, Adewuya da abokansa kuma suka gwada PHQ-9 a kan ɗaliban jami'a a 2006. Sai dai mu lura da wuraren: ƙasar Yarabawa da ta Ibo, galibi a asibiti ko makaranta.

Babban binciken ƙasa da Gureje ya jagoranta tsakanin 2001 da 2003 ya yi amfani da doguwar hira ta Hukumar Lafiya ta Duniya, an kuma fassara ta har da Hausa. Ya shafi jihohi 21, Sakkwato ba ta cikinsu. A ɓangaren masu jin Yarabanci, mutum 4,984, an sami kashi 12.1 cikin ɗari da suka taɓa samun matsalar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kashi 5.8 kuma a cikin shekarar da ta gabata. A kwatancen ƙasashe da aka buga a 2004, Najeriya ta fito da kashi 4.7, Amurka da 26.4. Shin Amurkawa sun fi mu damuwa har ninki biyar ne, ko kuwa mun fi su ɓoyewa a gaban baƙo mai takarda? Masana sun daɗe suna muhawara a kan haka, domin kunya da yadda aka tsara tambaya duka suna iya danne alƙaluma.

IDAN TAKARDAR TA ISO BOƊINGA DA SHAGARI

Mu ɗauki tambayoyin SRQ mu ɗora su a kan rayuwarmu. Ana tambayar yawan ciwon kai, da rashin cin abinci, da rashin barci, da gajiya, da damuwar ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake hana kowa runtsawa, wa zai ce yana barci da kyau? A damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro da aikin gona, wa ba ya ciwon kai da gajiya? Mai ciki, ko mai ƙarancin jini, ko mai gyambon ciki, za su tara maki biyar ko shida ba tare da zuciyarsu ta taɓu ba. Ana tambayar saurin firgita. Wanda ya baro ƙauyensa a gabashin jihar nan saboda 'yan bindiga, firgitarsa tana iya zama ciwo, tana kuma iya zama hankali.

Ta ɗaya gefen, akwai tambayoyin da tarbiyyarmu take rufe wa baki. Ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magidanci ba zai gaya wa yarinyar da ta zo da takarda cewa yana kuka ba. Bafulatanar rugar Shagari da aka raina a kan munyal da semteende, wato haƙuri da kunya, za ta iya rasa ɗan fari ta ce ba komai. Tambayar ko mutum ya taɓa tunanin kashe kansa kuwa, amsarta a nan "a'uzu billahi" ce, ko da tunanin ya zo, domin kowa ya san hukuncinsa a addini. Wata kila a ce "na gaji da duniya" ko "da ma in kwanta kada in tashi". Takardar da ba ta san waɗannan kalmomi ba za ta wuce ta bar mai buƙata.

Sai harshe. Fassarar da aka yi da Hausar Kano ko ta jarida tana iya yi wa tsohuwa a Sifawa ko Dancaɗi nauyi. Mu nan mun fi cewa mutum shina kwana a inda wasu za su ce yana barci. Kalmar damuwa ita kanta tana ɗaukar rashin kuɗin taki, tana ɗaukar ciwon da ke hana uwa shayar da jaririnta. Lissafin kwana 30 ba shi ne lissafin ƙauye ba, an fi gane "tun bayan Sallah" ko "tun faɗuwar ruwa". Wasu kuma Fulatanci ne harshen zuciyarsu, Hausa ta kasuwa ce. Sannan wa ke zaune a wurin? Amsar mace a gaban uwar miji ko kishiya daban take da amsarta ita kaɗai. Idan kuma aka ji ƙishin-ƙishin cewa masu takarda suna rubuta sunayen tallafi ne, to abin da ya faru a Adis Ababa zai maimaita kansa.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A watan Mayun 2023 aka sake yin irinsa a Dandeji, yara aƙalla 15 suka rasu a hanyar ɗebo itace. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. A ce an shiga irin waɗannan garuruwa da takarda mako biyu bayan rashin. Kusan kowace uwa za ta haye iyaka, kuma ba ciwo ba ne, alhini ne, wanda zaman makoki da ta'aziyya da addu'a da dangi suke ɗauka. Amma a cikinsu ana iya samun wadda shekara za ta zagayo tana nan ba ci ba barci, ta daina kula da sauran 'ya'yanta, ana ta ce mata ta yi haƙuri. Ita wannan tana buƙatar magani da mai saurare. Ingancin takarda shi ne ta iya raba waɗannan biyu. Su kansu likitocin duniya sun yi ta gardama a kan wannan iyaka, musamman a 2013 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire togaciyar masu makoki daga sharuɗɗan ciwon damuwa.

Kowane kuskure da farashinsa. Idan aka ɗora wa budurwa mai lafiya alama, maganar ta fita, a ƙauye ba a rarrabe ciwon damuwa da taɓin hankali, aurenta na iya lalacewa. Idan aka tura mutum 260 asibitin ƙwaƙwalwa na Kware alhali 80 ne masu buƙata, an kashe kuɗin mota daga Shagari zuwa Sakkwato zuwa Kware a banza, an kuma cushe layin. Idan kuma takarda ta ce ba kowa, hukuma za ta ce ba matsala, mu koma zamanin Carothers.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Tun 1991 kuma manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. Idan za a aiwatar da wannan a Boɗinga da Shagari, takarda ba makawa ce, domin ba mu da likitocin da za su zauna da kowa. Abin nema shi ne a gwada ta a nan. A fara da sauraron yadda mata da maza, Hausawa da Fulani, suke faɗin ciwon da bakinsu, a tambayi ungozoma da malaman da ake kai wa kuka. A fassara, wani daban ya mayar da fassarar harshen asali a ga abin da ya ɓace. A karanta wa mutane a tambaye su me suka fahimta. Sannan likitocin Kware da na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su yi hirar kwatance, a fitar da iyakar maki tamu, ta rani da ta damina. Kuma kada a tantance mutum sai an tanadi inda za a kai shi da yadda za a rufa asirinsa.

Mu marubuta muna da rabo a wannan aiki, domin kalmomi ne jarinmu. Mu muka san bambancin zullumi da fargaba, da abin da tsohuwa take nufi idan ta ce zuciyarta ta tsinke ko jikinta ya mutu. Tattara irin waɗannan kalmomi na Sakkwatanci da Fulatanci, da bayanin inda ake faɗinsu, gudummawa ce da mai bincike daga nesa ba zai iya kawowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin nan, duk lokacin da aka turo mana alƙaluman damuwa, mu yi tambaya huɗu kafin mu tura gaba: da wace takarda aka auna, da wane harshe, a ina aka gwada ingancinta, kuma likita ya tabbatar ko maki kawai aka ƙirga? Wanda kuma yake jin nauyi a zuciyarsa ya daɗe bai sauka ba, ko yake ganin haka ga wani nasa, kada ya jira takarda. Ya faɗa wa wanda ya yarda da shi, ya je asibiti mafi kusa. Neman magani ba ya rage tawakkali.

Muna jiran gyara da ƙarin bayani, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, da kuma kalmomin da ake amfani da su a garuruwanku. Allah Ya yaye wa kowa damuwarsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum.